Kawun da Aka Ji Tsoron Bakinsa

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar bazara, irin zafin nan na Garwa da ko ƙadangare ba ya son tsallaka tsakar gida. Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, shi dai ya riga mu. Bai yi jinya ba. Ya sha kununsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da bangon zaure, shi ke nan.

Kafin a gama haɗa ruwan wanka karnuka sun zo. Da idona na gan su, ba labari aka ba ni ba. Sun jeru a gindin katangar gidan, a 'yar inuwar da ta rage, ba haushi, ba faɗa, ba ma kaɗa wutsiya. Yawancinsu mata ne, wasu da dogon tabo a ciki inda gashi bai sake fitowa ba. Wasu na san masu su a unguwa, wasu ban taɓa ganinsu ba. Maza masu zuwa jana'iza sai tattare manyan rigunansu suke yi suna raɓawa. An jefe su da dutse, ba su motsa ba. Da aka fito da makara sai suka miƙe tsaye gaba ɗaya, amma ba su bi ba. Kafin mutane su dawo daga maƙabarta babu ko ɗaya.

A cikin gida kuwa kowa da abin da yake faɗa. Wata tsohuwa ta ce sun zo sallama da ubangidansu ne. Wata ta ce, "A'uzubillahi, to mala'iku ta ina za su shigo?" Wata malamar makaranta 'yar kudu, wadda Kawu ya taɓa yi wa karyarta aiki, ta zo tana kuka da Faransanci, mata suka matsa mata wuri kamar mai ƙyanda. Maƙwabcinsa Bafulatani ya ce "Allah yaafo mo," wato Allah ya yafe masa, shi kaɗai ne maganarsa ta yi min daɗi a ranar. Sai can daga bayana, wajen randar ruwa, na ji wata ta yi ƙasa da murya ta ce, "An dai huta da bakinsa." Na san muryar. Ba zan faɗi mai ita ba, amma ta sani na ji, don na juya na kalle ta har ta ajiye moɗar.

Wannan magana ce ta sa na zauna rubutu, ni da ban saba da rubuta komai ba, mai sayar da atamfa ce ni a babbar kasuwa. Ba na so a ce abin da ya rage na Kawu shi ne karnuka a bakin ƙofa da wannan mugun zance.

Akwai kuma wani dalilin, wanda ya fi wancan nauyi. Da labarin rasuwar ya iske Inna, mahaifiyata, sai ta yanke jiki ta faɗi. Muka ja ta ɗaki, na kwance mata zani ina yayyafa mata ruwa a ƙirji. A nan hannuna ya taɓa shi. Ƙullutu ne a nononta na hagu, ya kai lemun tsami, tauri kamar ɗanyen mangwaro, ba ya motsi. Ta buɗe ido ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kada ki ambata," in ji ta. "Kin ji ni? Ko ga wa."

"Inna, tun yaushe?"

"Na ce kada ki ambata."

Ga gawar yayanta a zaure, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan ciwon dajin nono, ga ita kwance da shi a jikinta ta ɓoye masa. Tun daga wannan rana ba ni da wani tunani sai yadda zan kai ta asibiti.

Kawu likitan dabbobi ne. Mu gidan 'yan kasuwa ne da malamai, kakanninmu da fatauci suka zo ƙasar nan daga Kano, shi kaɗai ne a cikin 'yan'uwansa ya bi boko har ƙarshe. Ya yi aikin gwamnati a kan shanu har ya yi retret, wato ritaya. Da shanu ya tsaya, da babu mai cewa komai, ai shanu dukiya ce. Amma sai ya koma kan karnuka, kuma a cikin karnukan ma sai mata masu ƙari a nono. Ya gyara wani ɗaki a bayan gidansa yana kiransa labo, ɗakin bincike ke nan. Sojoji, ma'aikata 'yan kudu, mafarauta daga ƙauyuka, duk suna kawo masa. Ya yanka ya cire ƙarin ya ɗinke, sannan ya ɗauki ɗan yanki ya jefa a kwalbar formol, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa. Warin formol ɗin nan ya kama shi har ƙarshen rayuwarsa. Ko turaren Juma'a ya shafa, in ka rungume shi sai ka ji shi daga ƙasa.

Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka "uwata" yake kirana, kuma ni kaɗai ce a dangi nake shiga ɗakin nan. Ba jarumta ba ce, son gulma ne. Wata rana da azahar na kai masa dambun zogale, na same shi ya duƙufa a kan mikroskop, madubin nan mai ƙara girman abu.

"Uwata, ajiye kwanon, zo ki ga abin mamaki."

"Kawu, naman kare zan leƙa? Da alwalata?"

"Ido za ki sa, ba harshe ba. Zo."

Na leƙa. Fili na gani cike da ɗige-ɗige, wasu shuɗi, wasu ruwan ƙasa kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ya bayyana min yadda abin yake. Yankin naman ana zuba shi a kaki ya daskare, ya aika wa wani abokin karatunsa a Yawunde ta motar ajans, wato ta kamfanin sufuri, can a fere shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, a dawo masa da shi a kan gilashi. Rinin ba komai yake kamawa ba, wani sinadari da ake kira furotin, shi ma iri ɗaya, yake nema a cikin ƙwayoyin ƙarin.

"Wannan furotin ba ya fitowa sai ƙwaya tana shirin rabuwa biyu," in ji shi. "In kin ga ruwan ƙasa ɗai-ɗai, ƙarin tafiyar hawainiya yake yi. In kin ga ya cika fili, gudu yake."

Ya canza gilashi. Wannan kuma, ya ce, furotin ne da ke riƙe ƙwayoyi da juna kamar sumunti tsakanin bulo. In yana nan, suna zaune wuri ɗaya. In ya ɓace sai su saki juna, su bi jini, su je su sauka a huhu. Na uku ya ce kunne ne, da shi ƙarin ke jin sinadarin da jikin mace ke fitarwa. Wanda ke da kunne da dama-dama, wanda ya kurmance shi ya fi mugunta.

Na ɗago kaina na ce, "To ita mai wannan gilashin fa?"

Ya goge tabaraunsa. Ta taga ina hango karyar, kwance a gindin darbejiya tana lasar ɗinkinta, lafiyarta lau, har tana kama ƙuda. Ya ce, "Ba na jin za ta daɗe." Rana tsaka, ga kaji na kiwo, ga dabba da ranta tana wasa, ga mutum ya leƙa gilashi ya ga abin da ke tafe mata. Na fita ban ɗauki kwanona ba.

Ta wani maharbi ce daga wani ƙauye a bayan Pitowa. A kan moto, wato babur, ya kawo ta, ya rungume ta a cinya kamar jaririya. Kawu ya gaya masa gaskiya: ƙarin ƙarami ne amma mai gudu ne, ba ya jin za ta kai tsinkar auduga, ya daina kai ta daji, ya bar ta ta huta. Kafin auduga ta fashe ta fara tari, ta mutu. Maharbin ba da mugunta ya yi ba, yabo yake yi, ya dinga ba da labari a kasuwar Pitowa cewa akwai dokta a Garwa da ke faɗin lokacin mutuwa. Kun san labari, kafin ya shigo Garwa ya yi 'ya'ya. Aka ce har rana yake faɗa. Aka ce in ya faɗa ba ta tashi.

Abin haushin, sau nawa ya yi kuskure! Karyar malamar nan 'yar kudu ya ce ba ya sa ran za ta wuce shekara, ta yi shekaru tana cizon masu tallan gawayi, har tsufa ya kashe ta. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya har da tafa cinya, yana cewa, "Ta kunyata ni, Allah ya yi mata albarka." Amma wannan ba ya tafiya a kasuwa. Kuma kullum da "ba na jin" yake fara magana, ko "mai yiwuwa", sai masu ɗaukar zancen su yar da wannan a hanya su kai sauran.

Yana da wata magana da yake yawan yi: "Ni ba na kiran mutuwa, sawunta kawai nake gani, shi ma wani lokaci sawun akuya ne." Yana kuma cewa kare ba ya faɗa maka inda ke masa ciwo, dole ka koyi kallo. Kallon nan kuwa ya bi shi har cikin mutane. In kuna hira ba fuskarka yake kallo ba, wuyanka yake kallo, ko yadda ka riƙe kafaɗa. Yara suna ɓuya in ya shigo gida. Alhali shi ne mai zuwa da alewa a aljihu, shi ne ya biya wa 'ya'yan maƙwabta makaranta ba wanda ya sani sai ranar makoki, shi ne ya kwana uku a asibiti a kan yarona lokacin da sanƙarau ya kama shi. In talaka ya kawo kare, sai ya yi aikin ya kuma ba shi na moto. Matarsa takan ce, "Mu dai mun auri asara," tana faɗa tana zuba masa miya.

Na taɓa tambayarsa me ya kai shi nonon karnuka, duk dabbobin duniya. Ya ce ciwon nasu ya yi kama da na mata ƙwarai, abin da aka koya a wannan yana iya amfanar wancan. Sannan ya ce mahaifiyarsu da wannan ciwon ta tafi, yana can karatu, ba a gaya masa ba sai da ya dawo ya tarar da ɗakinta a rufe. An yi ta shafa mata magani har nonon ya fashe. Inna, autarsu, ita ta yi jinyar, tana budurwa. Bai ƙara komai a kai ba, ya ce in miƙo masa ruwa.

Babban Kawu, wan su duka, malami ne mai almajirai manya, kuma tun farko ba ya son sana'ar. Sun sha yin ta a zaure. Malamin ya ce, "Ɗan gidanmu, da hannunka cikin cikin kare?" Kawu ya ce, "Malam, ba kai ka karantar da ni cewa a mazhabarmu duk mai rai tsarkakakke ne ba? Ko na koma in sake biyawa?" Sai Malam ya yi tsaki ya ce a kawo shayi. Wannan faɗan wasa ne, ana yi ana cin tuwo tare.

Na gasken ya zo ne wata Babbar Sallah. Babban ɗan Malam, ɗan kasuwa mai jini a jika, ya duƙa gaida Kawu. Kawu ya riƙe hannunsa bai sake ba, yana kallon gefen wuyansa. Sai ya sa yatsa ya taɓa. A gaban kowa, ana ta rabon nama, ya ce, "Wannan kaluluwar ba ta yi min ba. Gobe ka je asibiti." Uwar yaron ta saki tiren da ke hannunta.

Yaron bai je ba. Ya ce kaya na jiransa a Marwa, in ya dawo ya je. Ya dawo, ya sake tafiya. Kafin wata Sallar an binne shi. Ranar makoki uwar ta fito har zaure ba mayafi, ta nuna Kawu da yatsa ta ce, "Bakinka ya cinye min ɗa! Lafiyarsa ƙalau sai da ka ambata!" Kuma dangi suka yarda, har da waɗanda suka yi boko. Mu mutane ne da ko jariri ya yi ƙiba ba a cewa ya yi ƙiba sai an haɗa da tubarkalla, to ina ga mutumin da ya riga ya yi suna cewa in ya faɗa sai ta faru.

Malam bai ce ya yarda da zancen baki ba. Amma ɗansa ne ya mutu, kuma gida na neman tarwatsewa. Ya tara 'yan'uwa ya ce Kawu ya rantse da Allah ba zai sake buɗe baki a kan jikin wani ɗan gidan nan ba. Kawu ya ce, "Malam, ko na ga abin da za a iya tarewa?" Malam ya ce, "Ko me ka gani." Ina wurin, ina leƙe ta labule. Kawu ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya rantse. Ban taɓa jin haushin dangina kamar ranar ba, har yau kuma bai gama sauka ba.

Daga nan Kawu ya zama wani mutum. In ya shigo taron dangi sai ya sunkuyar da kai, ƙafafun mutane kawai yake kallo, don kada ya ga abin da ba zai iya faɗa ba. Wannan ya fi kallon da tsoro. Mutum ya zauna a cikinku awa guda bai ɗago ido ba, kowa sai ya tsargu, kowa ya fara shafa wuyansa.

A shekarar ƙarshen nan na lura da wani abu tsakaninsa da Inna, amma ban gane ba sai yanzu. Da, kullum la'asar yakan biyo gidanmu, ta dama masa fura, tana kiransa Hamma, wato yaya da Fulatanci, yana kiranta Auta, suna tsokanar juna kamar yara. Sai ta fara guje masa. In ya yi sallama ta ce a ce tana wanka. Shi kuma sai ya zauna da ni a tsakar gida, ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata, yana ba ni labarin karnuka. Wata an kawo ta ƙarin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, an cire, ga ta can tana haihuwar jikoki. Wata an bari sai da ya kai ƙwallon mangwaro. Ni kuma, sakarya, ina ta "ikon Allah, Kawu", ban san ba da ni yake ba. Daga ɗaki sai in ji Inna ta ƙure rediyo.

Bayan an yi addu'ar uku na fara da lallashi. Na yi kuka, na yi fushi, na ce zan gaya wa Malam, na ce zan daina cin abinci. Inna ko gezau. Ranar da aka yi ta bakwai, baƙi sun watse, ta gaji da nacina ta ce in zauna.

"Ya riga ya faɗa," in ji ta.

"Wa?"

"Hamma. Ya zo nan, kina kasuwa. Saura 'yan kwanaki ya rasu."

Ta ce da tsakar rana ta hango shi ya shigo, kansa a ɗage, idonsa a kanta, ba irin shigowar da ya saba ba. Nan take ta gane. Ta ruga ɗaki ta danna sakata. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana ya fara magana. Ta tusa yatsu a kunne tana karanta duk abin da ya zo bakinta da ƙarfi. Ta ƙasan ƙofa tana ganin inuwar ƙafafunsa. Ta ce sun daɗe a wurin ba su motsa ba, har ta fara tunanin ko ba mutum ba ne.

"To me ya ce?"

"Ban ji ba. Amma me zai ce? Abin da yake gaya wa masu karnuka. Ya ga lokacina ya zo ya faɗa. Ban ji ba, amma ƙofa ta ji, bango ya ji. Me likita zai ƙara min? In je a yanka ni a banza, in mutu ba cikakkiya ba?"

Na ce, "Haba Inna, Allah kaɗai ya san gaibu." Ta ce ta sani, ba sai na yi mata wa'azi ba, amma ta ga abin da ta gani a kan ɗan Malam, ta kuma ga uwarta.

Washegari na hau moto na tafi wurin matar Kawu, tana cikin takaba. Na same ta zaune a kan tabarma ta zuba wa ƙofar labo ido, ba wanda ya buɗe ɗakin tun rasuwar. Ban yi kwana-kwana ba, na saɓa wa Inna na faɗa mata komai. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Ya fi shekara da sani," ta ce. "Ya ga ta daina ɗaukar jika a hagu. Ya ga yadda take ɗaga hannu in za ta kabbara. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya yi ta juyi, rantsuwa a gefe, tsoronta a gefe, yana cewa in ya furta za ta ce ya kashe ta, in ya yi shiru kuma ya kashe ta da gaske. Ƙarshe ya ciyar da miskinai ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya ce min in sa mayafi in raka shi."

"Kina wurin?"

"Ina bayansa, a tsaye. Har kaina ya fara ciwo don rana."

"To don girman Allah me ya ce?"

Ta faɗa min. Na ce ba ni za ta faɗa wa ba, Inna ba za ta yarda da ni ba. Mai takaba ba ta yawo, don haka na koma na ce wa Inna matar yayanta na nemanta, wannan kuwa ba ta isa ta ƙi ba. Suka zauna gwiwa da gwiwa. Da matar Kawu ta fara, Inna ta kai hannu kunne. Matar Kawu ta kama hannayen biyu ta riƙe a cinyarta.

"Yau sai kin ji. Mijina ya tsaya a rana saboda ke, ba zan bar maganarsa ta faɗi a ƙasa ba. Cewa ya yi, 'Auta, ban sani ba. Wallahi tallahi ban sani ba. Ban san ko mai gudu ne ko mai tafiya a hankali ba, ban san ko mugu ne ma ba. Ba a sani da ido, sai an ɗebi yanki an rina. Ko an rina ma ba ranar kowa ake gani ba, maganin da zai dace ake nema. Ki je a duba, Auta. Ni na rasa uwa ban sani ba, kada ki sa in rasa ki ina kallo.' Haka ya yi ta maimaitawa. Da ya gaji ya dafa ƙofar ya yi kuka, ni ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar."

Inna ta ce, da wata ƙaramar murya, "Bai faɗi lokaci ba?"

"Wane lokaci? Shi da bai san nasa ba, ga shi saura kwana kaɗan?"

Sai Inna ta kifa kanta a cinyar matar Kawu. Kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa, ranar ta yi shi. Tana cewa, "Hamma, da na buɗe. Wayyo Hamma, da na buɗe maka." Ni ma ban iya riƙe kaina ba, muka haɗu mu uku muna yi har maƙwabta suka leƙo.

Mun je asibiti. An ɗebi yanki an aika Yawunde, muka yi ta jira, makonnin da ba na fatan maƙiyina ya gani. Da sakamako ya dawo likitar ta zaunar da mu, wata matashiya ce mai magana a hankali, tana haɗa Fulatanci da 'yar Hausarta. Ta ce ciwon daji ne. Ta ce ya taɓa kaluluwar hammata, da an zo bara da aikin ya fi sauƙi. Amma ta ce rinin ya nuna irin wanda ke jin sinadarin jikin mace ne, akwai ƙwayar magani da ke toshe masa wannan hanya, kuma ba mai gudu sosai ba ne. Duk abin da take faɗa na gane shi, kalma bayan kalma, saboda wani tsoho mai warin formol ya taɓa tilasta min leƙa naman kare. Sai dai dole a cire nonon.

Ina kallon hannayen Inna, ina jiran su tashi zuwa kunne. Suna nan a cinyarta. Ta dubi likitar ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa likita ba.

"'Yata, ki gaya min gaskiya. Zan tashi?"

Likitar ta ce, "Mama, ban sani ba. Akwai fata sosai, za mu yi iya ƙoƙarinmu. Amma ban sani ba."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, hawaye na bin kumatunta, amma har da ɗan murmushi.

"Haka yayana ya ce," in ji ta. "To ku cire."

An yi aikin, tana gida, tana shan maganinta, tana yi min faɗa a kan gishirin miya. Abin da ke gaba Allah ya bar wa kansa sani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci fiye da yadda muka sanyaya masa zama a cikinmu. Masu cewa an huta da bakinsa, ku ji da kyau: mun rufe bakin nan shekaru da rantsuwa, da ya buɗe shi kuma ƙofa muka rufe masa. Duk da haka uwata tana raye yau saboda abin da ya faɗa wa ƙofar.